Gwafa Uku, Wuƙa Ɗaya

Idan ka shiga makarantar firamare a Japan, bayan ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar yadda al'adarsu take, duba jikin bango kusa da ofishin malamai. Sau da yawa za ka tarar da wata doguwar sanda a rataye, tsawonta kimanin mita 2, kanta ya rabu biyu kamar ƙahon bijimi. Bahaushe na ganinta ya san sunanta. Gwafa ce, irin wadda manomi ke danne kan maciji da ita a gona, irin wadda ake tokare reshen mangwaro da ita idan 'ya'ya sun yi masa nauyi. Su Japanawa sasumata suke ce mata. Ba ta da kaifi, ba ta da tsini, ko kaza ba za ka yanka da ita ba. Amma ita aka tanada don ranar da wani zai hauro katanga riƙe da wuƙa. Waɗanda aka koya wa sarrafa ta kuwa su ne malamar aji biyu, da malamin lissafi mai tabarau, da dattijon da ke kula da farfajiya.

Ranar da na fara ganin bidiyon atisayen da suke yi da ita, dariya na yi. Wani ɗan sanda ya ɓad da kama, ya sa hular sanyi da takunkumi, yana ɗaga wuƙar roba yana ihu a barandar makaranta, ga malamai uku sun nufo shi da sanduna kamar masu korar akuya daga bakin rumbu. Sai da na maimaita kallo sau uku sannan dariyar ta ɗauke. Mutumin nan ƙaƙƙarfa ne, horarre ne, kuma da gaske yake neman ya kai gare su. Bai kai ba. Kafin ka ƙirga goma bayansa ya manne da bango, hannun da ke riƙe da wuƙar ya ɗage sama ya kasa saukowa, ƙafa ɗaya ta bar ƙasa. Babu wanda ya taɓa shi da hannu.

Ba za a gane darajar wannan aiki ba sai an fara ba wuƙa girmanta. Finafinai sun ɓata mana tunani a kanta. Jarumi ya tsaya, mugu ya kawo suka ɗaya tak, ya bar hannunsa a miƙe yana jira a kama a murɗe, wuƙa ta faɗi, kiɗa ya tashi. Wanda ya zo da niyyar kisa ba haka yake yi ba. Hannu ɗaya ya cakumi wuyan rigarka, ɗayan yana kai da komo kamar allurar keken ɗinki, sau biyar, sau shida, kafin ka gama fahimtar abin da ke faruwa. Wuƙa ba ta jiran a ɗura mata harsashi, ba ta cijewa, ba ta yin ƙarar da za ta ankarar da maƙwabta. Da yawa daga waɗanda aka soka suka rayu sun ce da farko sun zaci naushi ne, sai da suka ga jini. Likitocin da ke binciken gawa sun saba ganin yanka a tafin hannu da yatsu da damtsen wanda ya yi ƙoƙarin tarewa da hannu. Manyan hanyoyin jini na wuya da hammata da cinya kuwa ba su da nisa da fata, idan aka huda ɗaya 'yan mintoci sun isa.

Masu koyar da kare kai na gaskiya suna da wani gwaji da ke warkar da girman kai nan take. Sukan sa wa ƙwararren ɗalibinsu farar riga, su ɗauko sabon shiga wanda bai san komai ba su ba shi jar maka, su ce ya ɗauka wuƙa ce, ya kai hari iya ƙarfinsa. Bayan daƙiƙa ashirin a tsayar. Ko da ƙwararren ya yi nasarar ƙwace makar, in ka dubi rigarsa da hannayensa sai ka ce yaro ne ya samu bango ya yi ta zane. Kowane jan layi yanka ne.

Ko mai bindiga bai tsira ba. A 1983 wani ɗan sanda mai horar da 'yan'uwansa a birnin Salt Lake City na Amurka, Dennis Tueller, ya auna abu biyu ya gwama su. Na farko, lokacin da ɗan sanda ke ɗauka ya zaro bindiga daga ƙugu ya harba yadda ya kamata: kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi. Na biyu, nisan da lafiyayyen mutum zai iya ci da gudu cikin wannan lokaci: ƙafa 21, wato mita 6 da ɗoriya. Ke nan mai wuƙar da ke tsaye can ƙarshen falo, wanda kake gani kamar yana nesa, ya riga ya iso. Har yau ana koyar da wannan awo a makarantun 'yan sanda.

Shi ya sa shawarar farko ta duk malamin da ba ya son ya ɗauki alhakin ɗalibansa ita ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Idan akwai hanya, bi ta. Idan akwai ƙofa, shiga ka kulle. Idan waya yake nema, miƙa masa, don mutanen Kano sun san gidajen da aka yi zaman makoki a kan wayar da ba ta kai kuɗin tunkiya ba. A nan babu gardama.

Sai dai akwai wanda ba shi da halin gudu. Malamar da ke da yara 30 'yan shekara bakwai a bayanta, ina za ta gudu ta bar su? Ma'aikaciyar jinya a ɗakin tsofaffin da ba sa iya tashi fa? Mai gadin tashar jirgi da cunkoso ya cika bayansa? Gwanintar sasumata ta irin waɗannan ce, mutanen da dole ta tsayar da su a gaban wuƙa alhali ba jarumai ba ne, ba su kuma shirya mutuwa ba.

Japanawa sun daɗe da wannan matsala, ko da yake a da ba wuƙar kicin ce ke gabansu ba, takobi ne. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokyo, ya cika da mayaƙan da ake kira samurai, kowanne rataye da takubba biyu a ƙugu. A ƙarni na 18 mutanen birnin sun kai kimanin miliyan ɗaya. Idan ɗaya daga cikin masu takobin nan ya bugu, ko ya haukace, ko ya yi kisa ya ja daga a lungu, ƙananan dogaran hukuma ne za su je kamo shi. Kuma da rai ake son sa, don shari'ar wancan zamani ta dogara ƙwarai a kan mai laifi ya amsa laifinsa da bakinsa. Gawa ba ta amsa laifi. To yaya za ka kama mutumin da ya fi ka iya takobi, ba ka kashe shi ba, shi ma bai sare ka ba?

Amsar da suka samo kayan aiki uku ce, duk a kan dogayen sanduna. Akwai sasumata mai kan gwafa, ta tokare wuya ko hannu ko ƙafa. Akwai tsukubo, mai kai a gicciye kamar sandar guragu, na turawa da taɗiyewa. Akwai sodegarami, mai ƙugiyoyi kamar ƙaya, wanda ake cusawa cikin faffaɗan hannun rigar samurai a murɗa, rigarsa ta zame masa igiya. Ni wannan na ukun ya fi burge ni, don duk mai babbar riga ya san yadda hannunta ke kama ƙofar mota. Kusa da kan kowace sanda an jera ƙusoshin ƙarfe, don kada wanda ake kamawa ya cafke ta, an kuma lulluɓe wurin da ƙarfe don kada takobi ya datse icen. Idan abin ya faskara sai a kawo tsani huɗu a kewaye shi ta kowane gefe, a yi ta matsowa har ya rasa wurin ɗaga hannu. Ana jera kayan nan uku a gaban wuraren gadi da shingayen bincike na manyan hanyoyi, irin na Hakone, don matafiyi ya gani ya shiga taitayinsa.

'Yan kwana-kwanan Edo ma sun riƙe sasumata. Gari ne na katako da takarda, gobara ta sha cinye shi, ta 1657 ta lashe mafi yawansa. Hanyar kashe wuta a lokacin ita ce a rushe gidajen da ke gabanta don ta rasa abin ci, kuma da gwafar nan ake tura ginshiƙai. Shi ya sa har yau alamar ofishin kashe gobara a taswirar Japan hoton kan sasumata ne.

Da aka hana rataya takobi a 1876 aka kuma kafa 'yan sanda irin na zamani, gwafa ta ja baya. Abin da ya dawo da ita gaban jama'a ba daɗin faɗi. Ranar 8 ga Yuni 2001, da hantsi, wani mutum mai suna Mamoru Takuma ya shiga makarantar firamare ta Ikeda a yankin Osaka ta wata ƙofa da ke buɗe, riƙe da wuƙar kicin. Ya bi azuzuwan ƙananan yara. Ya kashe 8, mata bakwai da namiji ɗaya, dukansu 'yan aji ɗaya da aji biyu. Ya raunata wasu yara 13 da malamai 2 kafin malamai su danne shi da hannayensu. An zartar masa da hukuncin kisa a 2004. A Fabrairun 2005 kuma wani matashi ɗan shekara 17 ya shiga wata firamare a Neyagawa, nan yankin Osaka, ya kashe malami. Daga nan makarantun da a da ƙofofinsu ke buɗe ga kowa suka fara kullewa, aka sa kyamarori, aka rubuta ƙa'idojin abin da za a yi idan baƙo ya kutso, aka rataya sasumata a bango.

A ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 120 amma waɗanda ake kashewa da bindiga a shekarun nan ba sa kai 10 a shekara, wuƙa ce makamin wanda ya yi niyyar ɓarna. Harin Akihabara na 2008 ya ci rai 7, har ya sa aka haramta mallakar wuƙaƙe masu kaifi biyu da tsawon bakinsu ya kai santimita 5.5. Na gidan kula da naƙasassu a Sagamihara a 2016 ya ci 19. Doka na iya hana takobi da wuƙar yaƙi, amma ba ta iya raba gida da wuƙar yanka albasa.

Sasumatar yau ta alminiyom ce, marar nauyi, mace na ɗaga ta da hannu ɗaya. An cire ƙusoshin. Kuma abu na farko da ɗan sandan da ya zo koyarwa yake gaya wa malamai shi ne aibinta: wanda ya tunkari mai wuƙa da ita shi kaɗai, ya ba da kansa. Dalilin a fili yake. Kai kana riƙe da sanda mulmulalliya kamar taɓarya. Shi kuwa idan ya kama rassan gwafar biyu, kamar ya kama kan keke ne, murɗawa ɗaya zai yi ta juye a hannunka. Ko ya ture ta gefe ya biyo jikin sandar ya iso gare ka, ko ya tura ka baya har ka faɗi. Kayan aikin da malaminsa ke fara gaya maka inda zai kashe ka, na fi yarda da shi a kan wanda ake tallarsa da kirari.

Saboda haka aikin na mutum uku ne, in an samu fiye ma ya fi, kuma yana farawa tun kafin a taɓa sanda. Ana koya wa malamai cewa duk baƙon fuskar da aka gani a harabar makaranta a gaishe shi, a tambaye shi wurin wa ya zo, cikin ladabi, amma daga nesa, ido na kan hannayensa da jakarsa. Idan amsarsa ba ta gamsar ba a roƙe shi ya fita, ko a ja shi da magana zuwa wani ɗaki nesa da yara. A daidai lokacin wani ya sulale ya buga 110, lambar 'yan sanda. Wani ya yi sanarwa a lasifika da wata jimla da aka shirya tun da farko, wadda baƙo zai ji kamar sanarwar yau da kullum, malamai kuwa su gane cewa akwai mai kutse a wuri kaza. Kowane aji ya kulle ƙofa, ya jibge tebura a bayanta, yara su koma nesa da taga su yi tsit. A ƙididdigar 'yan sandan ƙasar, daga kira zuwa isowarsu kimanin minti 8 ne a matsakaici. Duk abin da za a yi da gwafa, don a cike waɗannan mintoci ne. Ba a ɗora wa malami ya ci nasara a faɗa ba. An ce masa ne ya riƙe mutumin nan nesa da yara har masu aikin su iso.

Ga yadda ake riƙe ta. Hannun baya yana can ƙarshen sanda, manne da ƙugu, don tsawon nan na mita 2 shi ne jarinka gaba ɗaya, wanda ya riƙe ta a tsakiya ya zubar da rabinsa. Hannun gaba ya saita kai. A tsaya a karkace, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kamar mai tura motar da ta mutu. Ƙarfin turi daga cinya da ƙugu yake fitowa, damtse saiti kawai yake yi. Kada bango ya kasance a bayanka. A bayansa ake son bangon.

Su ukun ba sa jeruwa kamar sahu. Sukan buɗe, ɗaya a gaba, biyu ta gefe, yadda idonsa ba zai iya ɗaukar su duka a kallo ɗaya ba. Na gaba yana kai masa barazana wajen fuska yana ja da baya, yana daka masa tsawa ya yar da wuƙar. Ɗan Adam ba ya iya ƙyale abin da ya nufo idonsa, dole ya kare ko ya kau da kai. A wannan ƙiftawar ne na gefe ke shiga.

Inda ake sa gwafar shi ne sirrin. Sabon hannu yakan nufi ciki kai tsaye, don nan ne ya fi faɗi. Kuskure ne, domin ya bar hannayen mutumin biyu a sake, ya kuma kawo masa rassan daidai inda zai kama. Gwani a karkace yake sa ta, reshe ɗaya ƙarƙashin hammata, ɗaya bisa kafaɗar ɗaya gefen, kamar yadda ake rataya jaka, sannan ya tura yana ɗagawa. Hannun da hammatarsa ta ɗagu ba shi da ƙarfin suka, jikin da aka ɗaga kuwa nauyinsa ya bar dugadugai. Na biyu ya nufi ƙafa, wajen gwiwa, ya tura ko ya taɗe. Na uku ya nemi hannun wuƙar ya manna shi da bango, ko ya buga wuyan hannun har ta faɗi. Mutum komai ƙarfinsa ƙafa biyu gare shi da hannu biyu. Idan ya kama gwafar da ke ƙirjinsa da hannu biyu, to ya saki wuƙa. Idan ya riƙe wuƙar, hannu ɗaya ba zai murɗe sandar da mutum ke dannawa da duk nauyinsa ba. Idan ya juya ga na dama, na hagu ya samu bayansa. Kowace ƙofa ya nufa ya tarar an riga shi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma fa sai yawan ya san inda kowa zai tsaya, in ba haka ba sanduna ne za su yi ta karo da juna.

Akwai kuma haƙurin da aikin ke bukata, wanda a ganina ya fi saitin wuya. Da mutum ya ga maharin ya manne da bango, zuciya takan ce masa ya saki sanda ya ruga ya ƙwace wuƙar. Nan ne ake yanke mutane. Ƙa'ida ita ce ka tsaya inda kake, ka ci gaba da dannawa, ko da damtsenka na rawa. Idan ya faɗi ƙasa, gwafa ɗaya a baya, ɗaya a kan hannun wuƙar, ɗaya a ƙafafu. Idan wuƙar ta faɗi a share ta nesa da ƙafa ko da sanda. A kuma kula kada a danne wuya ko a zauna masa a ƙirji, don mutumin da aka kifa aka danne yana iya kasa numfashi ya mutu a hannunka. Dogaran Edo da rai suke kai nasu gaban alƙali, malaman yau ma haka ake so su miƙa nasu.

Wannan gaɓar ta tsaya mini a rai. A wurarenmu idan aka yi ihun ɓarawo, ko dai kowa ya watse a bar mutum ɗaya da mai wuƙa, ko kuma idan an ci ƙarfinsa taron ya koma abin da ya fi shi muni, da duwatsu da taya da fetur. Tsakanin watsewa da kisan taro akwai wani fili, kuma a cikinsa gwafar nan take aiki. Muna da 'yan tauri da ke gurza wuƙa a ciki a filin wasa tana lanƙwashewa, ba kuma zan shiga gardamar abin da suka sha ba. Abin da na sani shi ne malamar aji biyu a Osaka ba ta sha komai ba, kuma dabarar da aka ba ta ana koyon tushenta a yini guda, da sandar da kowane mai walda a bakin titi zai iya ƙerawa.

Ba na ce ba ta da iyaka. A lungu mai ƙunci ko a kan matakala doguwar sanda nauyi ce. Gaban mai bindiga ba ta da amfani ko kaɗan. Idan maharan sun fi ɗaya lissafin ya rushe. Wanda ya yi shekara bai taɓa ta ba, ranar da abin ya zo hannunsa zai manta, shi ya sa makarantu ke maimaita atisaye tare da 'yan sandan unguwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Masu ƙera ta ma sun san raunin, har sun fito da masu baki da ke rufewa idan ya shiga, da masu sakin wani ɗamara da ke naɗe jikin mutum ya haɗe hannayensa. Kuma ana koya wa malamai cewa idan gwafa ta yi nisa, kujera na nan, tebur na nan, sandar goge-goge na nan, ga tukunyar kashe gobara da za a fesa masa a fuska. Duk abin da zai shiga tsakaninka da bakin wuƙa ya ƙara maka taku ɗaya, ɗan'uwan sasumata ne.

Mutanen da ba su da ita a hannu sun sha gano wannan da kansu a lokacin tsanani. A watan Yunin 2018, da wani ya far wa fasinjoji da makami mai kaifi a cikin jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya, Shinkansen, mutane sun ciro katifun kujeru suka yi garkuwa da su. Mutum ɗaya ya rasa ransa, shi ne wanda ya tunkari maharin da jikinsa don ya ceci mata biyu, kuma matan sun rayu. Ranar 29 ga Nuwamba 2019 a Landan, bayan wani ya kashe mutum biyu da wuƙaƙe a wani zauren taro kusa da gadar London Bridge, waɗanda suka koro shi waje suka riƙe shi har 'yan sanda suka zo sun yi amfani da tukunyar kashe gobara da dogon hauren wata dabbar teku da suka ciro daga jikin bango. A Afrilun 2024, a wata babbar cibiyar kasuwanci a Sidni ta Ostireliya inda aka kashe mutum 6, duniya ta ga wani Bafaranshe tsaye a saman matakalar lantarki riƙe da turken shinge, ya hana mai wuƙar hawowa.  Abin da suka samu suka sa a tsakani. Bambancin kawai shi ne Japanawa ba su bar abin ga sa'a ba. Sun ƙera dogon abin tun kafin ranar, sun rataye shi inda hannu zai kai, sun raba wa kowa wurin tsayuwarsa.

Maƙwabtansu sun ɗauka. A ƙasar Sin, bayan jerin hare-haren wuƙa a makarantu a 2010 da kisan tashar jirgin ƙasa ta Kunming a Maris 2014, gwafar ƙarfe ta zama kayan aikin masu gadi a ƙofofin makarantu da tashoshi. 'Yan sandan Tailan ma suna kama masu adda da ita, su huɗu su biyar a kan mutum ɗaya. A Japan ɗin kanta ta wuce makarantu ta shiga bankuna da asibitoci da shaguna. A Nuwamban 2023 wasu 'yan fashi uku sanye da hular kwano suka afka wa wani shagon gwal a unguwar Ueno ta Tokyo. Wani ƙaton ma'aikacin shagon ya fito musu da sasumata, ya fatattake su, suka bar baburansu suka ranta a na kare. Bidiyon ya zaga duniya, kowa na tafi. Na tabbata malaman atisaye sun kalle shi suna girgiza kai: shi kaɗai ne, kuma dukan taɓarya ya yi ta yi da ita, duk ƙa'idojin ya taka. Allah ne ya rufa masa asiri, da kuma girman jiki.

Na fi son wancan bidiyon na farko, na barandar makaranta, wanda babu wanda ya yaɗa. Bayan sun manna ɗan sandan da bango aka busa usur. Suka janye sanduna. Ya sauke takunkumi yana haki yana shafa haƙarƙari, suka rusuna masa ya rusuna musu. Sannan ya taka wurin malamar da ke gefen dama, wadda a tsakiyar kokawar ta matso da hannunta gaba a kan sandar ba ta sani ba. Ya ɗora wuƙar robar a bayan hannun nata ya ja a hankali, ya nuna mata inda ya kamata hannun ya tsaya. Ta gyaɗa kai, ta mayar da shi ƙarshen sanda. Shi kuma ya gyara hularsa ya fita, don ya sake shigowa, wannan karon ta ƙofar baya.